Tambaya ta Tamanin da Shida

Hay el-Sabi', Alkahira
12 ga Janairu

Yaya Hassumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Yaya Tagwa da yara. Yaya ƙafar Inna? A waya kullum "da sauƙi" take ce mini, ni kuwa na san Inna, ko ƙafar na ci da wuta haka za ta ce. Don Allah ka duba tsakanin yatsunta da idonka, mai ciwon suga ba a raina masa ƙurji. Ni lafiya lau, sai sanyin Alkahira da ke shiga har ƙashi.

Tunda ka ce maganar da ta shafi rayuwar mutum ba a waya ake yin ta ba, ga shi na ɗauki biro kamar mutanen da. Ɗantsoho, ɗan kasuwan nan na garinmu, ya gama sarin abayoyinsa a kasuwar Ataba, jibi zai tashi, shi zai miƙa maka.

An ba ni rana. Ashirin ga Fabrairu zan zauna jarrabawar lasisin aikin jinya na Amurka, wadda na shekara biyu ina yi wa karatu. A Istanbul na samu gurbi, kwana biyu zan yi in dawo. Ban manta alkawarin da muka yi gaban Inna ba: zama biyu. In na faɗi sau biyu, in tattara in dawo Damagaram, ba musu. In na ci, ka sa mini albarka in tafi.

Ga abin da zai ba ka mamaki, kai da ka tsufa a makaranta kana jarraba 'yan lakkol. Jarrabawar nan ba ta da adadin tambayoyi tsayayye. Kwamfuta ce ke yin ta. Ba ta gaza tambaya tamanin da biyar, ba ta wuce ɗari da hamsin, a tsakanin nan kuwa ko'ina sai ka ga allon ya ɗauke, an gama ke nan. Ba ta ce maka ka ci, ba ta ce ka faɗi, sai ka koma gida ka yi ta jira.

Wannan shi ya haukata gidanmu. Mu huɗu ne a gidan hayar, duk ma'aikatan jinya, ba mu da hira sai ta lamba. Huda 'yar Maraɗi ta yi bara, ta tsaya mata a tamanin da biyar cif, ta ci, yanzu ko shayi za ta zuba maka sai ta ambaci tamanin da biyar. Abla Dalia, 'yar Masar ɗin da ke yi mana darasin share fage, cewa take duk wanda ya ga ya haura ɗari, khalas, shi ke nan, ya fara salati. Amjad mai kantin magani na ƙasan benenmu, wanda ko ƙofar ɗakin jarrabawar bai taɓa gani ba, ya rantse kwamfutar fasfo take dubawa, in ta ga na Afirka sai ta ja ka har ƙarshe.

Kai me ka gani? Ai kai ne malamin.

Ƙanwarka,
Asama'u


Damagaram
2 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Asama'u,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta wa Inna wurin da ya shafe ta. Na duba ƙafar kamar yadda kika ce. Akwai ɗan miki ƙarƙashin babban yatsa, Tagwa na wanke shi safe da yamma. Inna ta ce a gaya miki hannun kowa nauyi gare shi, naki ne kawai ba ta ji.

Game da tambayarki, kin kawo ta inda ya dace. Shekara ashirin da biyu ina zama teburin jarrabawar baka, ɗalibi ya shigo ya tsaya gabana in tambaye shi. Ko mutum ne ko kwamfuta, mai jarrabawa halinsa ɗaya. Wanda ya san karatunsa, tambaya uku ta ishe ni in sallame shi. Wanda kika ga na tsare ina ta juya shi, to na riga na hango ramin, zurfinsa kawai nake aunawa. Malamarku ta Masar gaskiya ta faɗa. Maganar mai kantin magani kuwa shirme ce, ki watsar.

Saboda haka ki shirya ki gama a tamanin da biyar. Gidanmu ba a san mu da tsayuwa gaban mai jarrabawa ana ja mana rai ba. In kuma Allah ya ƙaddara kika ga ta wuce, kada ki wahalar da kanki. Ki san hukunci ya riga ya fita, ki karɓi ƙaddara da mutuncinki.

Shugaban asibitin unguwarmu ya sake tambayata yaushe za ki gama da Masar.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanki,
Hassumi


Hay el-Sabi', Alkahira
19 ga Maris

Yaya,

Barkanmu da shan ruwa. Ina gaida kowa. A ce wa Yaya Tagwa na gode, amma ta daina shafa wa mikin man da maƙwabta ke kawowa, ruwan gishiri mai tsabta da bandeji kawai. Kuma kada Inna ta yi azumi, ko da ta yi rantsuwa.

Na faɗi. Na san ka riga ka ji a bakin Inna, amma ba ka ji yadda aka yi ba, kuma sai ka ji.

Na shiga ɗakin nan da ƙarfina. Sun karɓe waya, sun karɓe agogo, suka zaunar da ni gaban allo. A kusurwar sama akwai lamba mai nuna tambaya ta nawa kake. Wallahi har ta tamanin ban kalle ta ba, aiki kawai nake. Da na amsa ta tamanin da biyar na danna, sai na janye hannuna na jingina, ina jiran allon ya ɗauke. Sai ga ta tamanin da shida.

Yaya, muryarka na ji. Ba ta Abla Dalia ba, taka. "Zurfin ramin kawai nake aunawa." Tun daga ta tamanin da shida na ce wa kaina na faɗi. Na ci gaba dai, amma ido ɗaya na kan tambaya, ɗaya na kan lamba. A ta ɗari hawaye ya hana ni ganin rubutu. A ta ɗari da goma sha biyu na daina karantawa ma gaba ɗaya, ina danna duk abin da hannuna ya faɗa a kai, don in gama in fita da mutuncin nan da ka ce. A ɗari da talatin da ɗaya ta ɗauke.

Wanda ya faɗi suna aiko masa da takardar bayani, fanni fanni. Tawa ta zo. A fanni biyu na haura layin ci. A mafi yawan sauran an rubuta "kusa da layi". Kusa! Ka ji fa. Ina bakin ƙofa na juya da ƙafata.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, abin da mu huɗu ba wadda ta taɓa yi: na zauna na karanta littafin bayanin da masu jarrabawar suka wallafa da kansu, daga bango zuwa bango. Kunya ta kama ni. Ga shi nan a rubuce ƙarara. In ka amsa daidai ta ba ka mai ɗan wuya, in ka kuskure ta ba ka mai ɗan sauƙi, tana neman inda ka tsaya. Da zarar ta tabbatar kana sama da layi sosai, ko kana ƙasa da shi sosai, sai ta tsaya. In kana kusa da layin ba ta yanke hukunci, sai ta ƙara tambaya.

Aikina ne ma na kullum ban gane shi ba. Tsohuwar da nake jinya a unguwar Zamalek, in na auna jininta na ga lafiya lau, sau ɗaya ya isa. In na ga ya hau sama ƙwarai, shi ma sau ɗaya ya isa, likita zan kira. Wanda ya tsaya a tsakiya shi nake sake aunawa, in bar ta ta huta in sake. Ba don na fid da rai da ita ba, don ban sani ba tukuna.

Tambaya ta tamanin da shida ba cewa ta yi na faɗi ba. Cewa ta yi har yanzu ina ciki. Ni na kayar da kaina da maganar mutane, kuma daga yau ba zan ƙara sauraron kowa a kan jarrabawar nan ba. Saura mini zama ɗaya, zan yi shi.

Asama'u


Damagaram
15 ga Afrilu

Asama'u,

Bayan gaisuwa. An yi salla lafiya. Inna ba ta yi azumi ba, amma sai da aka kai ruwa rana. Mikin bai ƙaru ba, bai kuma warke ba.

Na karanta takardarki sau biyu, raina bai yi daɗi ba. Kin rubuta da hannunki cewa ba za ki ƙara sauraron kowa ba. Kowa, Asama'u? Har da ni da na kai ki lakkol a kan keke? Har da Inna? Wannan layin ban karanta mata ba.

Sannan ki duba abin da kika faɗa da kanki. Kin ce tun daga ta tamanin da shida kika san kin faɗi. To ai abin da na gaya miki ke nan. Ta wuce tamanin da biyar, ta ja ki har ɗari da talatin da ɗaya, sakamako ya fito kin faɗi. Huda ta tsaya a tamanin da biyar, ta ci. Ina kuskurena a nan? Kina so in ajiye abin da na gani da idona shekara ashirin da biyu saboda ɗan littafin da masu jarrabawa suka rubuta don kwantar wa mutane da hankali. "Kusa da layi" kalmar lallashi ce. Ni ma na sha rubuta wa iyaye "ya yi ƙoƙari".

Shawarata ki bar zama na biyun. Faɗuwa ɗaya ƙaddara ce, ta biyu kuwa mutane za su riƙe ta a baki. Nan ana buƙatarki. Kina can kina auna jinin uwar wasu, taki na nan tana tambayar ranar zuwanki.

Ina jiran amsa mai hankali.

Hassumi


Hay el-Sabi', Alkahira
11 ga Mayu

Yaya Hassumi,

Ina gaisuwa da girmamawa, kuma girmamawar ta gaske ce, don haka ka karanta har ƙarshe. Na ji mikin bai warke ba. A kai Inna asibiti a auna sugarta da safe kafin ta ci komai, a turo mini lambar ta waya.

Na ce ba zan ƙara sauraron kowa ba a kan jarrabawar nan. Ka yanke rabin layin ka riƙe rabi. Da ɗalibinka ya yi maka haka, da ka zagaye masa da jan biro. Kuma ban ce na san na faɗi ba, cewa na yi na ce wa kaina na faɗi. Tsakaninsu akwai tambaya arba'in da biyar da na zubar.

Maganar uwar wasu ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka a cikin motar haya tun daga Zamalek har gida, wata mata ta yi ta ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, ba ta san ko mene ne ba. Amma zafi ba hujja ba ne, Yaya.

Bari in ba ka labarin Hadeel, 'yar Sudan ɗin da muke ɗaki ɗaya. Ta zauna a watan jiya. Jarrabawar ta tsaya mata a tamanin da biyar cif. Da ta dawo, Huda ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, aka dafa karkade, wato zoɓo, aka sayo kayan zaƙin da suke kira basbusa tire guda, Abla Dalia ta zo da kanta tana mabruk mabruk. Hadeel ta kira mahaifinta ta ce ya yi sadaka. Sakamako ya fito, ta faɗi, kuma ba kusa da layi ba, can ƙasa. Kwamfutar ta tsaya da wuri ne don ta gama tabbatarwa. Kwana uku yarinyar nan ba ta fito falo ba. Da na tambayi Abla Dalia yaya aka yi, sai ta ce wai ai Hadeel sauri ta yi, kwamfutar ba ta son mai sauri. Ni kuma a da ta ce mini jinkiri ne ya ja mini. Amjad ya sauya tasa, yanzu wai ƙuri'a ake yi, a cikin mutum goma a zaɓi ɗaya a ba shi mai tsawo. Kowa na ƙera tasa, ba mai buɗe littafin. Na daina zuwa darasin.

Yanzu ga roƙona, kuma ƙalubale ne, ka yafe mini. Akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonka, inda kake tara littattafan makinka tun farkon aikinka. Na san halinka, kowace tambaya ka yi wa ɗalibi sai ka ja ɗan layi gefen sunansa, ina ƙarama na sha ƙirga su. Ka fito da su. Ka ware masu layi uku, ka duba ko duka suka ci. Ka ware masu layi goma, ka duba ko duka suka faɗi. In maganarka ta tabbata, wallahi ba sai na zauna ba, zan hau jirgi in dawo.

In ba ka duba ba, ashirin da huɗu ga Yuni ina Istanbul. Alkawarinmu zama biyu ne, gaban Inna aka yi shi, ba kuma ni kaɗai ya ɗaure ba.

Ƙanwarka da ba ta raina ka ba,
Asama'u


Hay el-Sabi', Alkahira
27 ga Yuni

Yaya,

Ina gaida kowa. Wata ɗaya da rabi ba takardarka, na ɗauka fushi ne. Ba komai.

Na zauna. Na liƙa idona a kan tambaya, na ce wa lambar kusurwa ta yi ta kanta. Ta tamanin da shida ta zo, na ce mata sannu da zuwa, ai na san ki. Ta ɗari ta zo. Ta ɗari da talatin da ɗaya ta zo, na wuce ta. Wuyana ya ƙage, na nemi izini na fita na sha ruwa na wanke fuska, na dawo na zauna. Har ɗari da hamsin, Yaya. Awa huɗu da minti arba'in. Ba guda ɗaya da na danna ban karanta ba.

Ban san ko na ci ba. Lambar ba ta faɗa, abin da nake ta gaya maka ke nan. Huda ta tare ni a ƙofa da fuskar ta'aziyya, na ce ta ajiye ta sai an ga gawa.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka ce wa Inna komai sai sakamako ya fito. Ko ci ko faɗuwa, a bari ya tabbata.

Ɗantsoho na ƙasa yana jira, ya ce zai sa takardar cikin kaya.

Asama'u


Damagaram
9 ga Yuli

Ƙanwata Asama'u,

Bayan gaisuwa. Damina ta sauka, an yi shuka, hatsi ya fito da kyau. Sugar Inna ta ɗan sauka, mikin ya fara haɗewa.

Ɗantsoho ya iso. Ya ce kin ba shi takarda, amma tana cikin dilar abayoyi da ke tahowa a baya, sai nan da mako uku. Na tambaye shi ko ya ji wani abu, ya ce a kantin maganin ƙasanku ya ji ana cewa taki ta kai har ɗari da hamsin, ƙarshen ƙarshe. Na ce innalillahi. Wannan takardar wani ɗalibin Azhar mai komawa na ba.

Ba zan ce miki na faɗa ba. Kin yi iyakar ƙoƙarinki, kin cika zama biyu, ba wanda zai ce ke raguwa ce. Na san da wuya ki iya buɗe baki ki gaya wa Inna, saboda haka na ɗauke miki wannan nauyin. Na zaunar da ita na ce mata Asama'u na dawowa gida.

Da kin ga fuskarta. Ta sa an fitar da buhunan da ke ɗakinki na da, an shafe shi da farar ƙasa, Tagwa ta ɗinka labule. Jiya da sandarta ta taka har ƙofar ɗakin ta tsaya tana kallo, rabonta da taka tsakar gida tun kafin azumi. Ta ce a ajiye mata zabi biyu kada a yanka sai ranar. Shugaban asibiti kuma ya ce ki zo da takardunki, wuri na nan.

Akwatin ban buɗe ba. Ba na buƙatar takarda ta gaya mini aikin da na yi da kaina.

Ki sanar da ni ranar jirgi.

Yayanki,
Hassumi


Hay el-Sabi', Alkahira
3 ga Agusta

Yaya Hassumi,

Ina gaisuwa. Alhamdu lillahi da jin mikin na haɗewa.

Na ci.

Jiya da hantsi ina cikin ba tsohuwar Zamalek magani saƙon ya shigo. Na karanta sau uku, na miƙa wa jikarta ta karanta mini, don ban yarda da idona ba. Ɗari da hamsin, kuma na ci. Huda ta yi guɗa, amma a hankali, kamar mai neman gafara. Amjad ya ce ai shi dama ya faɗa. Hadeel ce ta rungume ni ta ƙi saki, ta ce in ba ta littafin nan ta karanta.

Da na so in rubuto maka wannan takarda ina dariya. Ba na dariya. Mako uku ke nan duk na kira Inna sai ta ce, "Sai kin zo, ɗakinki har ƙamshi yake." Ni kuma in ce to. Ban ce ina zuwa ba, ban ce ba na zuwa ba, in kashe waya in zauna kamar wadda ta yi sata. Ka ba tsohuwa farin cikin da ba naka ba, ka ɗora shi a kan lambar da aka tsinto a kantin magani. Ko ni ba ka kira ka tambaya ba.

Na san da tausayi ka yi. Tausayin nan ne ya ce in karɓi ƙaddara a tambaya ta tamanin da shida, shi ne kuma ya shafe ɗaki. Ya isa haka, Yaya.

Ba zan fasa ba. Alkawari ya ce in na ci ka sa mini albarka in tafi, kuma ina neman albarkar. Takardun tafiya za su ɗauki watanni, kafin nan zan zo in yi wata guda, in wanke ƙafar Inna da hannuna, in kwana a ɗakin. Amma zuwan baƙuwa ne, da tikitin komawa a jakata.

Ban gaya wa Inna ba, kuma ba zan gaya mata a waya ba. Kai ka zaunar da ita ka ce ina dawowa. Kai za ka sake zaunar da ita.

Asama'u


Damagaram
21 ga Agusta

Asama'u,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya. Takardunki biyu rana ɗaya suka shigo hannuna, ta cikin dilar da ta makara a hanya da ta ƙarshe. Na fara karanta wadda kika ce kada in gaya wa Inna komai.

Na buɗe akwatin. Kwana biyu na yi a kansa, Tagwa ta ɗauka wani abu na ɓatar. Na ware masu layi uku kamar yadda kika ce. Kusan rabinsu manyan ɗalibaina ne. Sauran rabin kuwa waɗanda tun tambayar farko na san ba abin da zan samu, na sallame su don kada in ɓata lokaci. Waɗannan na manta da su sarai, fuska ɗaya ban tuna ba. Sannan na ware masu layi goma zuwa sama. A cikin kowane uku, biyu na ba su maki sun wuce. Akwai wata yarinya mai layi goma sha bakwai, na rubuta gefen sunanta da hannuna: "Tana da shi, tsoro ne." Ta ci.

Shekara ashirin da biyu ina yin abin da kwamfutarki ke yi, na zo na gaya miki akasinsa. Zamanki na farko ni na ɓata miki shi. Ki yafe mini.

Jiya bayan la'asar na zaunar da Inna a ƙofar ɗakin. Na ce mata kin ci, na ce mata abin da cin yake nufi, da cewa za ki zo ki yi wata guda. Ta kalli labulen. Ta share ido da bakin zanenta, ta ce zabin a bar su, wata guda ma zuwa ne. Ta ce a gaya miki ta sa albarka, tun kafin in sa tawa. Tawa ma ga ta: Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki inda za ki.

Sai ta tambaye ni tambaya nawa aka yi miki. Na ce ɗari da hamsin. Ta ce, "Ta amsa duka?" Na ce duka. Ta ce, "To su da ba su san ta ba sun yi mata ɗari da hamsin kafin su yanke. Kai nawa ka yi mata?"

Na ce ko ɗaya, Inna.

Ki sanar da ni ranar jirgi. Ni zan zo tarbarki.

Yayanki,
Hassumi